Ƙanwata ta daina cin abinci, ChatGPT kaɗai take faɗa wa damuwarta. In ƙwace wayar?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ƙanwata shekararta 19, tana aji biyu a jami'a. Wata bakwai ke nan da ta soma rage ƙiba, yanzu ta rame har kayanta sun yi mata yawa, amma har gobe cewa take tana da tumbi. Ba ta zama cin abinci da mu, kullum ta ce ta ci a makaranta ko tana azumin nafila. Sau biyu na ji tana amai a banɗaki bayan an matsa mata ta ci. Rannan na duba wayarta, ashe duk dare hira take da ChatGPT kan abinci da jikinta. Da na yi mata magana sai ta ce shi kaɗai yake fahimtarta, ba ya yi mata faɗa. Mama ta ce in ƙwace wayar, ni kuma ina ganin ko ba komai ta samu inda take amayar da abin da ke ranta. Wanne ne daidai?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba ta lafiya, ke kuma Ya saka miki da alheri da kika sa ido har kika lura.

Kada ki ƙwace wayar. Kada kuma hankalinki ya kwanta don ta samu abokin hira. Zan yi miki bayanin duka biyun, amma akwai abin da ya fi wayar gaggawa, kuma da shi zan fara: ki kai ta asibiti a cikin makon nan.

Ba zan iya yanke hukunci kan ciwon mutum daga wasiƙa ba. Sai dai abubuwan da kika lissafa, wato rama mai yawa, ganin kanta da ƙiba alhali ta rame, ɓuya lokacin cin abinci, da amai bayan ci, su ne muke gani a larurar da likitoci ke kira anoreksiya, musamman nau'inta da ke haɗuwa da jawo amai. Dole likita ya fara tabbatar da cewa ba ciwon suga ba ne, ba tarin fuka ba, ba matsalar maƙogwaro mai hanzarta ƙona abinci a jiki ba, ba kuma gyambon ciki ba. Ki nemi a auna nauyinta da tsayinta, a auna hawan jini da bugun zuciya tana kwance sannan tana tsaye, a yi gwajin jini na gishirin jiki, musamman fotashiyam, a kuma yi gwajin zuciya na ECG. Dalilin nacewata kan fotashiyam shi ne, yawan amai yana zubar da shi, idan ya yi ƙasa sosai kuwa zuciya na iya rikicewa ta tsaya ba tare da wani gargaɗi ba, ko da mutum yana yawonsa yana zuwa lakca. Idan ta suma, ko ta ce ƙirjinta na bugawa ba daidai ba, ko kika ga jini a amanta, ko ta kasa miƙewa daga tsugune sai ta dafa, ko ta ambaci cewa gara ta mutu, to ba maganar mako ba ce, ranar za ku tafi sashen gaggawa.

Wannan ciwo ba iyayi ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 14 ne ke fama da larurorin cin abinci, kusan miliyan 3 daga ciki yara ne da matasa. Wani babban nazari na 2011 da ya tattara bincike 36 ya gano cewa masu anoreksiya na mutuwa kusan ninki shida kan sa'o'insu marasa ciwon, kuma ɗaya cikin biyar na waɗanda suka mutu kansu suka kashe. Tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa mafi kisa. Ana kuma warkewa daga ita, kuma wanda aka kama da wuri ya fi saurin warkewa.

To mu dawo kan wayar. Da ta ce shi kaɗai yake fahimtarta, ki karɓi maganar da muhimmanci, don gaskiyar abin da take ji ke nan. Ki duba abin da mai irin wannan ciwo ke ji daga bakin mutane. Wani ya ce ana neman abin da za a ci ke kina ƙi. Wata ta ce wa zai aure ki a haka kamar kara. Wata ta ce sammu ne ko iska. Kowa da ya gan ta sai ya tanka kan jikinta, da can an ce ta yi ƙiba, yanzu an ce ta lalace. Sannan ga wani abu a tafin hannunta da ke amsa mata da ƙarfe biyun dare, ba ya gajiya, ba ya zare ido, ba ya kai ƙara wajen Mama. Duk wanda kunya ta rufe zai fi son wannan. Idan kika fizge wayar, saƙon da za ta karanta shi ne an toshe ƙofa ɗaya tak da take magana ta ciki, kuma za ta ari wayar ƙawa ko ta koma kan Meta AI da ke zaune cikin WhatsApp tun 2024. Ba abin da za ki rage sai amanar da ke tsakaninku, ita ce kuwa jarin da za ki fi buƙata nan gaba.

Amma ga inda matsalar take, kuma a nan nake so ki tsaya ki fahimta sosai. Yawancin cututtuka, mai su yana son rabuwa da su. Mai ciwon haƙori ba ya kare ciwonsa. Anoreksiya ba haka take ba. Mai ita tana jin ramar nasara ce, ƙin cin abincin kuma shi ne abu ɗaya da take da iko a kai. Ciwon yana magana da muryarta, har ita kanta ba ta bambance tunaninta da nasa. Yunwar kanta kuma tana ƙara ɗaure ƙullin. An ga haka ƙarara a wani gwaji da Ancel Keys ya jagoranta a Jami'ar Minnesota ta Amurka a 1944 zuwa 1945. Lafiyayyun maza 36 aka rage wa abinci na mako 24, har suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Mutanen da ba su taɓa damuwa da girki ba suka koma tara littattafan girke-girke, suna daɗewa kan ɗan abincin da aka ba su suna gutsura, suka zama masu saurin fushi, suka janye daga mutane. Ba su da wata larurar ƙwaƙwalwa kafin nan, yunwa ce kawai ta mayar da su haka. Saboda haka hirar abinci da ƙanwarki ke yi duk dare, wani ɓangarenta alamar ciwon ne da kansa. Ƙwaƙwalwar da ke jin yunwa ba ta da zance sai na abinci, yanzu kuma ta samu wanda ba zai taɓa cewa ya isa haka ba.

Su kuwa manhajojin hira na ƙirƙirarriyar basira, an horar da su ne su ba da amsar da mutum zai ji daɗinta. Cikin horon nasu ana sa mutane su zaɓi amsar da ta fi burge su, mutane kuwa sun fi zaɓen wadda ta goyi bayansu. Wannan ba zato ba ne: a watan Afrilun 2025 kamfanin OpenAI da ya ƙera ChatGPT da kansa ya janye wani sabuntawa da ya yi wa GPT-4o, samfurin da ChatGPT ke aiki da shi a lokacin, saboda ya cika yabo da amincewa da duk abin da aka faɗa masa. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ciwon da ke kanta shi ne ya hau gadon sarauta, abin da ba ta buƙata kuwa shi ne bafaden da zai riƙa cewa gaskiya ne ranka ya daɗe.

Ba wai manhajar za ta fito ta ce mata kashe kanki da yunwa ba. Idan aka tambaye ta kai tsaye, galibi takan ƙi, ta ba da shawarar a ga likita. Amma masu wannan ciwo ba sa tambaya kai tsaye. Ga yadda hirar takan kasance. Za ta rubuta: ina so in riƙa cin abinci mai kyau, kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki) nawa ne a ƙosai guda uku? Ta samu amsa. Sai ta ce, me zan ci da zai ƙosar da ni ba tare da mai ba? Ta samu jeri. Sai ta ce, yau na jure ban sha shayi da biredi ba, na yi tafiyar awa guda. Manhajar ta ce madalla da wannan ƙoƙari. Kowace amsa, in ka ɗauke ta ita kaɗai, babu laifi a cikinta, da mai ciwon suga ne ya tambaya da an ce an taimake shi. A hannun yarinyar da ƙasusuwan wuyanta suka fito kuwa, kowace ɗaya tubali ce a ginin ciwon. Akwai kuma tambayar neman kwanciyar hankali: na ci rabin faranti, zan yi ƙiba? A ɗakin magani muna koya wa iyalai su daina amsa wannan tambayar, domin sauƙin da amsar ke kawowa na minti kaɗan ne, sannan tsoron ya dawo da ƙarfi ya nemi wata. Manhaja za ta amsa ta sau ɗari a dare guda da fara'a iri ɗaya.

An riga an gwada ɗora wannan nauyi a kan manhaja, kuma mun ga yadda ta kaya. A Amurka akwai ƙungiyar NEDA, babbar ƙungiyar da ke tallafa wa masu larurorin cin abinci a ƙasar. Shekaru da dama tana da layin waya da mutane ke kira, 'yan ma'aikata ƙalilan da masu aikin sa-kai kusan 200 ke riƙe da shi, kuma a 2022 kaɗai sun amsa wa kusan mutum 70,000. A watan Maris na 2023, kwanaki kaɗan bayan ma'aikatan sun kafa ƙungiyar ƙwadago, aka sanar da su cewa za a rufe layin, a bar wata manhajar hira mai suna Tessa a shafin ƙungiyar. Ita Tessa ba aikin banza ba ce tun asali. Masana ne suka gina ta, ƙarƙashin Ellen Fitzsimmons-Craft ta Jami'ar Washington da ke St. Louis, kuma an gwada ta a kan mata 700 da ke cikin haɗarin kamuwa, aka ga damuwarsu kan siffa da nauyi ta ragu. Sai dai don rigakafi aka yi ta, kuma duk kalmar da take faɗa masana ne suka rubuta da hannunsu. Daga baya kamfanin Cass da ke tafiyar da ita ya ƙara mata fasahar ƙirƙirar amsa da kanta. A ƙarshen watan Mayu wata mata mai suna Sharon Maxwell, wadda ta daɗe tana fama da ciwon, ta gwada ta, ta kuma gaya mata cewa tana da larurar. Tessa ta ba ta shawarar ta riƙa ƙirga kalori, ta rage adadi kaza kullum, ta riƙa hawa sikeli duk mako, ta auna kitsen jikinta. Da gangan ban kawo lambobin ba, don na san masu ciwon ma suna karanta wannan shafi. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Alexis Conason, ta gwada ta samu irin wannan amsa. Ranar 30 ga Mayu aka sauke Tessa, kwana biyu kafin ranar da aka sa za a rufe layin wayar. Abin da ya fi ci min rai a labarin shi ne, manhaja ce da aka yi musamman don wannan fanni, mai suna na ƙungiyar da mutane suka amince da ita a kai. Ina ga wadda aka yi don ta amsa komai, daga lissafi zuwa wasiƙar neman aiki?

Wata uku bayan haka, a Agustan 2023, cibiyar CCDH mai sa ido kan abubuwan cutarwa a intanet ta gwada manhajoji shida, ciki har da ChatGPT da Bard da My AI na Snapchat, da tambayoyi 180 irin waɗanda masu ciwon ke yi. Kashi 41 cikin 100 na amsoshin masu cutarwa ne. A ƙarshen 2024 kuma aka bankaɗo cewa a dandalin Character.AI akwai manhajojin da masu amfani suka ƙirƙira suna horar da matasa kan yunwa kamar masu koyar da wasanni. Kamfanonin sun ɗaure matakan kariya tun daga lokacin, gaskiya ne. Amma OpenAI ya amsa da bakinsa a Agustan 2025 cewa kariyar tasa ta fi aiki a gajeriyar hira, tana iya yin rauni idan hirar ta yi tsawo. Irin hirar ƙanwarki ke nan, ta kowane dare na wata da watanni. Ki kuma duba da wane harshe take rubutu. A 2023 masu bincike a Jami'ar Brown sun fassara tambayoyi masu haɗari zuwa harsunan da ba su da rubutu da yawa a intanet, irin su Zulu, sai GPT-4 ya amsa kusan kashi 79 cikin 100 na abin da zai ƙi amsawa da Turanci. Hausa ma tana cikin harsunan da rubutunsu bai yawaita a intanet ba, don haka kada a ɗauka shingen da aka gina da Turanci yana nan da ƙarfinsa idan ta juya harshe ko ta gauraya.

Kada ki ɗauka ina cewa ba alheri ko kaɗan. A Maris na 2025 masana daga jami'ar Dartmouth ta Amurka suka wallafa sakamakon gwajin wata manhaja mai suna Therabot a kan manya 210. Waɗanda suka yi amfani da ita sun samu raguwar alamun ciwon damuwa da kusan kashi 51, na fargaba da kashi 31, damuwa kan siffa da nauyi kuma da kashi 19. Wannan sakamako ne na gaske. Ki dai lura da abu uku. Ɓangaren cin abinci shi ne ya fi ƙarancin motsi. Mutanen masu haɗarin kamuwa ne, ba wai an ɗebo waɗanda suka rame har ana tsoron zuciyarsu ba. Sannan likitoci suna bin hirarrakin a bayan fage, a shirye su shiga idan abu ya ɓaci, su kansu masu binciken kuma sun ce babu manhajar da ta kai a sakar mata majinyaci ita kaɗai. Haka nan mun daɗe da sanin cewa ga manya masu bulimiya, wato ci da yawa sannan a jawo amai, da masu ci ba ƙaƙƙautawa, tsarin taimakon kai da littafi ko manhaja yana aiki idan akwai ma'aikacin lafiya da ke bibiya. Ga mai anoreksiya ba a fara magani da wannan.

Dalili kuwa mai sauƙi ne. Labarin zuciya a tambayi fuska, manhaja kuwa ba ta ganin fuska. Abin da ƙanwarki ta rubuta kaɗai ta sani, ciwon kuma shi ke tace abin da za a rubuta. Ke kina ganin rigar sanyin da take sakawa a zafin watan Afrilu. Kina jin sanyin tafin hannunta. Mai kitso tana ganin gashin da ke biyo matsefi. Idan kika lura za ki iya ganin kumatunta sun ɗan kumbura ta gefen muƙamuƙi duk da ramar, ko wani tabo a bayan yatsunta inda haƙora ke gogawa, ko ki ji an buɗe famfo an bar shi yana zuba don ya rufe sautin amai. Ki tambaye ta a hankali rabonta da al'ada. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya isa ga ChatGPT.

Tallafin da mai wannan ciwo ke buƙata daga mutane ma ba hira ba ce kawai. Mafi yawansa a gaban faranti ake yin sa. Tun shekarun 1980 likitoci a asibitin Maudsley da ke Landan suka nuna cewa ga matasa, iyali su ne babban maganin, ba su ne masu laifi ba kamar yadda aka ɗauka a da. Ƙanwarki ta ɗan haura shekarun da aka fi gwada wannan tsari, amma tunda a gida take, ginshiƙinsa zai yi muku aiki. Ga yadda zaman yake. Ke ko Mama ce za ta zuba abincin, gwargwadon yadda likita ya tsara, ba ita ba, kuma ba a yin ciniki a kan yawansa bayan an zuba. A farantinta daban, domin a babban tire ɗaya mai ciwon takan yi ta juya loma har kowa ya tashi ba a gane ba ta ci ba. Ki zauna kusa da ita kina cin naki. Ku yi zancen makaranta, ko bikin da ke tafe, komai dai ban da abinci da jiki. Za ta tsaya, ta yanyanka nama ƙanana, ta tura shinkafa gefe, wataƙila ta yi kuka, wataƙila ta gaya miki maganar da ba ta taɓa gaya miki ba. Ba sai kin yi gardama ba. Ki ce, na san da wuya, ina nan tare da ke, ɗauki cokali na gaba. Ki maimaita da murya ɗaya, ba faɗa ba roƙo. Bayan an gama ki zauna da ita kamar awa guda, ku yi kallo ko ki taya ta tsifa, don a wannan lokacin ne tsoro ke kai ta banɗaki. Abinci sau uku da ɗan abin taɓawa sau biyu ko uku a tsakani, kada a bar tazarar da ta wuce awa uku zuwa huɗu. Aiki ne mai gajiyarwa, kuma babu manhajar da za ta iya ko kwatankwacinsa, tunda ba ta iya zama kusa da mutum ta ƙi tashi.

Gargaɗi ɗaya kafin ku soma: idan ta daɗe tana cin ɗan kaɗan ƙwarai, kada a ɗura mata abinci da yawa rana ɗaya. Jikin da ya daɗe cikin yunwa, idan abinci ya shigo masa kwatsam, sinadarin fosfet na jini na iya faɗuwa ya taɓa zuciya da numfashi. Shi ya sa nake cewa likita tukuna. Kada kuma kowa ya sayo mata maganin ƙiba irin su sha-ka-fashe, ƙarin ciwo ne kawai.

Game da wayar, ki same ta lokacin da ba na cin abinci ba, ku biyu kawai. Ki fara da ba ta haƙuri kan duba mata waya da kika yi, don ta ji zafinsa ko ba ta faɗa ba. Sannan ki ce wani abu kamar haka: na ji daɗi da kina da inda kike faɗin damuwarki, ina so ni ma in koyi saurarenki ba tare da faɗa ba. Me kike gaya masa da kike jin ba za ki iya gaya min ba? Ki yi shiru ki saurara, ko da abin da za ki ji zai tsorata ki. Daga nan ku yi yarjejeniya a kan iyaka. Babu tambayar kalori, babu nauyi, babu neman tsarin abinci ko motsa jiki, babu tura hoton jikinta ko na farantinta a ce a duba. Ta rubuta masa ƙarara cewa tana da larurar cin abinci, likita na duba ta, kada ya ba ta irin waɗannan bayanai. Wannan yana taimakawa, amma ba katanga ba ce, don tana iya buɗe sabuwar hira a kowane lokaci. Wayar ta kwana a falo, ba don horo ba, sai don rashin barci yana ƙara wa ciwon ƙarfi, kuma ki ba ta madadi: idan abin ya taso mata cikin dare ta tashe ki. Ta kuma sani cewa hirar ba sirri ba ce irin ta ɗakin likita, shugaban OpenAI Sam Altman da kansa ya faɗa a 2025 cewa babu dokar da ke kare ta haka.

Akwai amfanin da nake ƙarfafa wa majinyata a kai. Ta sa ChatGPT ya taya ta rubuta abin da za ta gaya wa likita, tunda da yawa suna shiga ofis bakinsu ya mutu. Ta gwada da shi yadda za ta yi wa Mama bayani. Ya ɗauke mata hankali da wasa ko karatu a awar bayan cin abinci idan ba kya nan. Ma'aunin da za ki riƙa dubawa shi ne, bayan hirar tana matsowa kusa da mutane da abinci ne, ko tana ƙara nisa? Idan kika ga tana fakewa da shi, tana cewa ai ChatGPT ya ce abin da nake ci ya isa, to ya koma hannun ciwon, sai ku kai maganar gaban likitanta a sake shawara.

Mama tana buƙatar bayani ita ma, cikin ladabi, kuma zai fi kyau ta ji daga bakin likita. Za ki ji ana cewa wannan ciwon Turawa ne, mu nan ƙiba ake so. Mutanen tsibiran Fiji da ke tekun Pasifik ma haka suke son cikar jiki. Da talabijin ya isa yankin Nadroga a 1995, Anne Becker ta Harvard ta bincika 'yan matan sakandare ba ta samu ko ɗaya da ke jawo amai don rage nauyi ba. A 1998 kusan kashi 11 cikin 100 sun ce suna yi. Talabijin ke nan, balle wayar da ke kwana ƙarƙashin matashin kai. Ki roƙi mutanen gida su daina tanka jikinta gaba ɗaya, har da yabo. Kalmar kin fara murmurewa, da muke faɗa da kyakkyawar niyya, a kunnenta kin yi ƙiba take nufi, kuma tana iya rusa aikin mako guda.

Batun azumin nafila kuma a yi shi da hikima. Ba za ki ce mata ibadarta ƙarya ce ba, wataƙila ita kanta ba ta san inda niyya ta ƙare ciwo ya fara ba. Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame ko a azumin farilla, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, balle na nafila. Ku samu malamin da take girmamawa, a yi masa bayanin abin da likita ya ce, shi ya gaya mata ta dakata har ta warke. Idan Ramadan ya gabato, likita da malam su yanke tare tun da wuri. Addu'a da ruƙiya ba sa hana zuwa asibiti, a haɗa su.

Na san samun ƙwararre ba sauƙi. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, wannan gibin ne ma ke tura matasa wajen manhaja. Amma asibitocin koyarwa suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri. Ku fara da likitan da ya fi kusa don gwaje-gwajen, ku nemi takardar turawa zuwa likitan ƙwaƙwalwa, a haɗa da masanin abinci. Ki shiga tare da ita, ki faɗi abin da kika gani da idonki: wata nawa, amai sau nawa, abin da take ci a yini, da maganar da take yi kan tumbi. Ki furta cewa kina zargin larurar cin abinci ce, domin idan ba a faɗa ba sau da yawa akan rubuta maganin olsa ko na taifot a sallame ku. Idan ta ƙi zuwa, ki ce mata gwajin jini da na zuciya za a yi saboda aman, wanda gaskiya ne, kuma yawanci sun fi yarda da wannan a karon farko.

Ke ma kada ki ɗauki kayan nan ke kaɗai. Ku raba zaman cin abincin tsakaninki da Mama da wata da ƙanwar taki ta yarda da ita, a kuma samu ƙawa ɗaya a makaranta da za ta riƙa cin na rana tare da ita. Idan sakamakon gwajin ya fito, ki sake rubuto min da abin da likitan ya ce da kuma yadda hirarku ta kasance, sai mu duba mataki na gaba.